Tauraruwa da Masoyanta: Tarken Wasannin Maggie Smith

1.0 Gabatarwa

A fagen nazarin adabin Hausa kalmar tauraruwa tana ɗauke da ma'ana biyu. Da ita ake kiran macen da marubuci ya ƙaga ya ɗora wa labarinsa, da ita kuma ake kiran 'yar wasan da ta yi fice har sunanta kaɗai ya isa ya cika ɗakin kallo. Manazarci yakan rarrabe tsakanin waɗannan biyu ba tare da wahala ba. Shi kuwa masoyi, wato ɗan kallon da sha'awa ta kai shi ga ƙauna, sau da yawa cuɗa su yake yi, har ya kai ga ya manta cewa akwai mutum a bayan surar da yake so. Wannan maƙala za ta dubi wannan al'amari ta hanyar wasannin Maggie Smith, 'yar wasan kwaikwayon Ingila wadda aka haifa a 1934, ta rasu a Landan ranar 27 ga Satumba, 2024, tana da shekara 89.

Dalilin zaɓenta shi ne abin da ya biyo bayan rasuwarta. Mace ce da ta yi shekara saba'in da ɗoriya tana wasa a dandamali da majigi da talabijin, amma mafi yawan ta'aziyyar masoyanta a kan matsayi biyu kacal ta tsaya: malamar makarantar matsafa a finafinan Harry Potter, da kuma tsohuwar gidan sarauta a shirin Downton Abbey. Abin da maƙalar ke son ta nuna shi ne, wannan ƙauna ta gaskiya ce, tana kuma da hujja, sai dai ta rage wa 'yar wasar tsawo, domin ta ɗauki abin da ya fi sauƙi a cikin fasaharta ta mai da shi fasahar baki ɗaya.

2.0 Tushenta a Dandamali

A birnin Oxford ta fara hawa dandamali a 1952, inda ta fito a matsayin Viola cikin wasan Shakespeare mai suna Twelfth Night. Shekarunta na farko a wasannin barkwanci ta yi su, har da wanda ta yi tare da Kenneth Williams a 1957, kuma a nan ne ta koyi abin da ya zame mata jari har ƙarshen rayuwa, wato sanin daƙiƙar da ya kamata a saki kalma da daƙiƙar da ya kamata a riƙe ta. A 1963 Laurence Olivier ya ɗauke ta cikin ƙungiyar farko ta gidan wasan ƙasa na Birtaniya. A 1964 ta fito a matsayin Desdemona, shi kuma Olivier ya fito a matsayin Othello. An mai da wasan fim a 1965, don haka ana iya ganinsa har yanzu. Ɗan Afirka da ya kalle shi zai yi fama da Olivier, wanda ya shafe jikinsa da baƙin fenti ya shiga zare ido da kumbura murya da sunan kwaikwayon baƙar fata. Abin lura a nan shi ne yadda wasan Smith ya fi na maigidanta jure wa zamani. Tata Desdemonar ba ta da hayaniya, kuma ba rauni ne ya sa ta yin shiru ba. Mace ce da ta kasa gaskata cewa mijinta zai iya zarginta, har wannan rashin gaskatawa ya kai ta ga halaka.

Wajibi ne a ambaci cewa ba kullum masu tarke suka yi mata sara da yabo ba. A farkon shekarun 1970 wasunsu a Landan sun zarge ta da cewa ta koma kwaikwayon kanta: karya wuyan hannu, jan murya ta hanci, da sauran 'yan dabarun da ta san suna jawo dariya. Maganin da ta yi wa wannan zargi shi ne ƙaura. Tsakanin 1976 da 1980 ta yi aiki a Stratford ta ƙasar Kanada a ƙarƙashin Robin Phillips, inda ta fito a matsayin Cleopatra da Rosalind da matar Macbeth, daga bisani kuma Virginia Woolf. Waɗanda suka ga waɗannan wasanni suna lissafa su cikin mafi girman ayyukanta. Sai dai wasan dandamali rubutu ne a kan ruwa. Masoyin da ya san ta ta allon talabijin ba shi da hanyar ganinsu, kuma wannan shi ne dalili na farko da ya sa ƙaunarsa ta zo a gutsure, ba tare da laifinsa ba.

3.0 Jean Brodie: Wasa a Kan Ƙauna Kanta

Fim ɗin da ya fi dacewa da batun wannan maƙala shi ne The Prime of Miss Jean Brodie na 1969, wanda Ronald Neame ya ba da umarni, aka ciro shi daga labarin Muriel Spark, kuma da shi Smith ta sami lambar Oscar ta farko. Brodie malama ce a wata makarantar 'yan mata a Edinbara cikin shekarun 1930. Ta ware wasu 'yan mata ta mai da su 'yan gaban goshi, tana ba su labarin Italiya da zane-zane da soyayyarta maimakon darasi, tana kuma yaba musu Mussolini da Franco. Su kuwa 'yan matan sun zama masoyanta a cikakkiyar ma'anar kalmar, suna kwaikwayon maganarta, suna auna duniya da mudunta. Ƙarshen wannan biyayya shi ne ɗaya daga cikinsu, Mary McGregor, ta tafi yaƙin basasar Sifen bisa zugar malamarta, aka kashe ta a hanya.

Wahalar wannan matsayi ita ce dole 'yar wasa ta yaudari mai kallo kamar yadda Brodie ta yaudari ɗalibanta. Idan ta nuna mugunta tun da wuri, babu wanda zai yarda yara za su bi ta. Idan kuma ta cika daɗin sha'ani, mutuwar Mary za ta zama hatsari kawai. Smith ta warware wannan ta hanyar sarrafa murya da tsayuwa. A rabin farko tana tafiya kai a sama, kowace jimla tana fitowa a goge kamar an daɗe ana bitarta, mai kallo yana dariya yana jin daɗi. Sannu a hankali sai ya gane cewa lallai an daɗe ana bitar, wato Brodie kanta 'yar wasa ce, aji kuma dandamalinta ne. A fitowa ta ƙarshe, lokacin da ɗalibarta Sandy ta bayyana mata cewa ita ce ta kai ƙararta, muryar da aka goge ta tsage, ta koma ihu a barandar makaranta. Duk wanda ya ƙaunaci Brodie a farkon fim ɗin, fim ɗin ya kama shi da hannu dumu-dumu cikin irin kuskuren 'yan matan. Abin mamaki shi ne har yau akwai masoyan da ke tsinto maganganun Brodie suna yaɗawa a matsayin hikima, alhali an rubuta su ne don a nuna hatsarin mai faɗarsu.

Lambar Oscar ta biyu ta same ta ne da California Suite na 1978, inda ta fito a matsayin 'yar wasan Ingila da ta je Amurka bikin ba da wannan lamba ta dawo hannu rabbana.

4.0 Tsohuwa Mai Kaifin Harshe

Daga 2001 zuwa 2011 ta fito a bakwai daga cikin finafinan Harry Potter guda takwas a matsayin Farfesa McGonagall. Daga 2010 zuwa 2015 kuma ta fito a matsayin Violet Crawley a Downton Abbey, wanda ya kawo mata lambar Emmy sau uku. A nan ne masoyanta suka ninka ba adadi, kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa kafin Downton tana yawonta a gari babu mai tare ta.

Me ya sa wannan sura ta kama zukata haka? Mai karatu Bahaushe ba zai sha wuyar ganewa ba, domin al'adarsa ta tanadi gurbin kaka, wadda shekaru suka ba ta lasisin faɗar abin da kowa ke tsoron faɗa, a yi dariya a wuce. Violet irin wannan kaka ce, makamanta kuwa gatse da habaici da baƙar magana. Misalin da aka fi ambata shi ne wurin cin abinci a zango na farko, inda magajin gidan, wanda lauya ne mai zuwa ofis, ya ce zai riƙa duba harkar gandu a hutun ƙarshen mako, sai ta tambaya mene ne kuma hutun ƙarshen mako. A takarda, wannan raha ce mai sauƙi. Abin da Smith ta ƙara mata shi ne ta yi tambayar da gaske, fuska babu alamar wasa, da ɗan jinkiri kafin kalmar ƙarshe kamar mai taɓa baƙon abu. Da wannan jinkiri kaɗai ta bayyana tarihin wani rukunin jama'a da bai taɓa aiki ba balle ya san hutu. Masoyan da suka yaba wannan ba su yi kuskure ba. Gwaninta ce ta shekara sittin aka zuba a cikin daƙiƙa uku.

Inda matsalar take shi ne a kwatanta Violet da 'yar'uwarta a fim ɗin Gosford Park na 2001, wanda Robert Altman ya ba da umarni, kuma marubucin Downton ɗin nan, Julian Fellowes, shi ya rubuta shi. A can ma Smith tsohuwar gidan sarauta ce mai ɗacin baki, Constance. Amma Constance ba ta da ko sisi nata; da ɗan alawus ɗin da mijin 'yar ɗan'uwanta ke ba ta take rayuwa, tana kuma cikin fargabar za a yanke shi. Saboda haka kowace baƙar magana tata tana da tsoro a ƙarƙashinta, wulaƙancin da take yi wa na ƙasa da ita kuma yana da zafi na gaske. A Downton an cire tsoron, an rage zafin, aka bar zaƙin. Da shirin ya yi nisa sai Violet ta koma tamkar wadda ake shigo da ita fage don ta jefa magana ɗaya ta fita. A ganina wannan rauni ne na rubutu, kuma ƙaunar masu kallo ce ta ciyar da shi, domin marubucin talabijin abin da aka tafa wa yake ƙarawa. Smith ba ta ɓoye ra'ayinta ba. A 2015 ta faɗa a wata hira ta talabijin cewa ba ta taɓa zama ta kalli shirin ba, a 2019 kuma ta nuna cewa tana godiya ga Harry Potter da Downton amma ba ta ji kamar wasa take yi a cikinsu ba.

Wannan haɗiye ɗan wasa da matsayinsa ke yi ba baƙo ba ne a Nijeriya. Mutane ƙalilan ne suka san Usman Baba Pategi da wani suna ban da Samanja, haka Saratu Giɗaɗo ta rayu ta rasu a 2024 ana kiranta Daso, sunan Amebo na shirin The Village Headmaster kuwa ya bar Ibidun Allison ya shiga bakin jama'a ya zama sunan duk mai tsegumi. Karramawa ce babba, amma takan zama turke, don masu shirya wasa ba sa son kwance dabbar da ke kawo riba a inda take.

5.0 Abin da Allo Ya Adana Amma Ba a Nema

Uzurin cewa wasan dandamali ya ɓace bai wanke masoyi gaba ɗaya ba, domin akwai ayyukan da ke nan a adane. A The Lonely Passion of Judith Hearne na 1987 ta fito a matsayin mai koyar da piyano a Dublin, wadda shekaru suka ja ba ta yi aure ba, ta ɗauki kulawar wani mutum a matsayin so alhali kuɗin da yake zaton tana da su yake hange. A Bed Among the Lentils na 1988, wanda Alan Bennett ya rubuta wa BBC, ita kaɗai ce a gaban kyamara daga farko har ƙarshe, matar limamin coci ce da shan giya ya kama a ɓoye. A waɗannan biyu harshen nan mai kaifi yana nan, sai dai mai shi yake yanka. Matar limamin tana ba da dariya ƙwarai, amma kowace dariya hanya ce ta kauce wa kuka, kuma Smith tana barin mai kallo ya ga lokacin da dabarar ta ƙi ci, ido ya tsaya cik, baki ya rasa abin faɗa. Wanda bai ga wannan ba bai san inda ƙarfin Violet ya fito ba.

A 2019, tana da shekara 84, bayan shekara goma sha biyu rabonta da dandamali, ta koma gidan wasa na Bridge a Landan da wasan A German Life na Christopher Hampton. Ta zauna a kujera ita kaɗai fiye da sa'a ɗaya da rabi a matsayin Brunhilde Pomsel, sakatariya a ma'aikatar farfaganda ta Joseph Goebbels a Jamus ta zamanin Hitler, wadda ta rayu har shekara 106 tana cewa ba ta san abin da ake aikatawa ba. Da yawa daga waɗanda suka cika ɗakin sun zo ne da ƙaunar kakar Downton a zuciya, kuma da wannan ƙauna aka yi aikin: tsohuwa ce mai daɗin hira, mai 'yar raha, wadda ake so a gaskata. Smith ta riƙa inda-inda, tana fara jimla tana sakinta, ta yadda mai sauraro ba zai iya rantsuwa ko mantuwar tsufa ce ko ɓoyon gaskiya ba. Da wannan wasa ta karɓi lambar jaridar Evening Standard ta gwanar 'yar wasa karo na shida, kuma shi ne hawanta dandamali na ƙarshe.