Waƙa a Kan Takarda: Sharhi a Kan Kayan Koyar da Adabi a Makarantun Sakandare

Manhajar Hausa ta manyan makarantun sakandare ta kasa darasin gida uku, watau harshe da adabi da al'adu, sa'an nan ta sanya waƙar baka da rubutacciyar waƙa a ƙarƙashin adabi. Ba mu da ja a kan wannan rabo. Abin da muke so mu jawo hankalin mahalarta wannan taro gare shi shi ne kayan aikin da ake danƙa wa malami a ce ya koyar da waƙa da su, waɗanda galibi ba su wuce littafi da allo da alli ba.

Bari mu fara da rubutacciyar waƙa, tun da yake ita ce ake zaton littafi ya wadatar da ita. Tun 1975 Farfesa M.K.M. Galadanci ya nuna cewa yawancin karuruwan rubutattun waƙoƙin Hausa sun yi daidai da na arulin Larabci, kuma kari yana ginuwa ne a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. To, amma ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna tsawon wasali. Alal misali, garin da mutane suke zaune a ciki da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne, alhali gaɓar farko ta na biyun ce kaɗai mai nauyi. Ɗalibin da aka ba baitin Infiraji na Aliyu Namangi a rubuce, aka ce ya yanka shi, dole sai ya fara jin kalmomin a kunnensa kafin ya san nauyinsu. Idan bai taɓa jin an rera ba, balle idan Hausa ba harshensa na farko ba ne, sai ya koma ƙirga baƙaƙe. Abin mamaki, almajiran da suka yaɗa Infiraji a kasuwanni da tashoshin mota ba su san sunan karinta ba, amma ba su karya shi, ɗalibanmu kuwa sun haddace sunayen karuruwa, waƙar ce ba su iya rerawa.

Ta wajen waƙar baka ɓarnar ta fi haka yawa. Idan aka buga Bakandamiyar Narambaɗa a littafi, kotso ya fita, muryar jagora ta fita, karɓin 'yan amshi kuma ya zama layin da ake ta maimaitawa ba tare da ɗalibi ya ga dalili ba. Mun lura ɗalibai da yawa suna tsallake gindin waƙa idan suna karatu, don sun ɗauka maimaici ne kurum. Haka nan masu juyar waƙa zuwa takarda sukan gyara Sakkwatancin mawaƙi ya koma daidaitacciyar Hausa, wanda yakan sauya nauyin gaɓa har ɗan waƙa ya gurgunce. Ɗalibi kuma zai amsa a jarrabawa cewa Mamman Shata da kalangu ya yi waƙa, Ɗanmaraya Jos kuwa da kuntigi, ya ci makinsa cif, ko da ba zai iya bambanta amon kalangu da na kotso ba.

Ba muna cewa littattafan ba su da amfani ba ne. Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau (1993) ya ba malamai hanyar da za su bi su feɗe waƙa, kuma kiɗa da rerawa suna cikin abubuwan da hanyar ta ce a duba. Sai dai malamin da ba shi da muryar mawaƙi a aji dole ya tsallake wannan sashe, ya tsaya ga jigo da salo, domin su ne suke zama a takarda. A da ana kafa hujja da tsadar rikoda da rashin wutar lantarki. Yanzu kuwa waƙoƙin nan suna cikin wayar hannun malamai da yawa, saura kawai masu tsara manhaja su sanya sauraro cikin darasi, hukumomin jarrabawa kuma su ware masa maki. A ganinmu, gyaran ya kamata ya fara daga kwalejojin ilmi inda muke koyarwa, domin ɗaliban da muke yayewa su ne za su tsaya gaban ajin gobe, kuma mafi yawansu a takarda muka koya musu waƙar.