Da Wane Mudu A Ke Auna Mawaƙi?

Wani sabon abu ya shigo mana tare da akwatin talabijin, watau gasar mawaƙa. A kan tara samari da 'yan mata, a hau da su bisa dakali mai fitilu, kowa ya rera tasa, alƙalai uku ko huɗu na zaune suna saurare. Kowane mako sai a fid da ɗaya ko biyu, har a zo ga na ƙarshe, a ce shi ne gwani, a ba shi kuɗi masu yawa, wani lokaci har da mota. Asalin irin wannan da mu ke gani yanzu daga Ingila ne, inda aka fara shi a 2001 da sunan Pop Idol. Da shekara ta kewayo Amurka ta ɗauka. A 2007 aka yi na Afirka ta Yamma, wani saurayi wai shi Timi Dakolo ya ci. Daga 2008 zuwa 2016 kamfanin MTN ya riƙa ɗaukar nauyin wani mai suna Project Fame, ga kuma wanda a ke kira Nigerian Idol. Mu ma Hausawa son jera gwanaye bai bar mu ba, gama tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta zo da shirin Zafafa Goma, na lissafa waƙoƙi daga ta goma har ta ɗaya.

To, ni ba na ƙin gasa. Duk inda gwanaye biyu suka gamu, lalle sai mutane sun tambaya wa ya fi wani, haka Allah ya yi ɗan Adam. Abin dubawa shi ne mudun. Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwar Batsari ya sani, ba a shiga ciniki sai an ga tiyar da za a auna da ita. Bari mu ɗauki tiyar masu talabijin mu jujjuya ta, mu ga ko tana da ɗoyi a gindi.

Abu na fari da mai kallo zai lura da shi, yawancin waƙoƙin da yaran nan su ke rerawa ba nasu ba ne. A kan ɗauko waƙar wani shahararre a ba yaro, a ce ya yi ta cikin minti biyu ko uku. In ya ja murya ta kai inda mai ita ya kai, sai a yi ta tafi, alƙali ya miƙe tsaye. Hausawa kuwa tuni suka yanke hukunci a kan wannan, suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A wurinmu, in an ce mawaƙi, ana nufin wanda ya ƙagi maganar, ya ɗaura ta bisa kiɗa, ya san inda zai sa kirari da inda zai sa zambo. Wanda ya ke karɓar ta wani, komi zaƙin muryarsa, sunansa ɗan amshi. Ba raini ba ne, amshi sana'a ce mai wuya, amma ba wanda ya taɓa ganin an naɗa ɗan amshi Sarkin Kiɗa tun bai fara shirya tasa ba. Ashe ke nan abin da talabijin ya ke tacewa mako mako shi ne gwanin 'yan amshi, sa'an nan a ɗora masa rawanin da ba nasa ba.

Sa'an nan sai maganar ƙuri'a, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Bayan alƙalai sun rage taron, a kan bar sauran hukunci ga masu kallo. Jin haka sai mutum ya ce an yi adalci, jama'a ce ta zaɓa. Amma ƙuri'ar nan ba irin ta akwatin zaɓe ba ce, ta mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Saƙo a ke aikawa ta wayar hannu ko ta intanet, wani saƙon da kuɗinsa, kuma ba a hana mutum ya maimaita ba. Wanda danginsa ke da hali, ko garinsu ke da yawan masu waya, ya riga ya yi rabin tafiya tun bai buɗe baki ba. Mu nan Karare mun san abin da na ke faɗi fiye da mutanen birni. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ɓarayin daji, har da Batsari da Safana, ba a fara buɗewa ba sai a watan Disamba. Cikin waɗannan watanni, da ɗanmu ne a bisa dakalin nan, ko uwar da ta haife shi ba ta da ikon jefa masa ƙuri'a guda. Ko a lokacin da layi ke buɗe, wanda ya ke hawa tudu neman inda waya za ta kama, yaya zai yi takara da mai kwance bisa katifa a Ikko yana ta dannawa?

Na san wani zai ce mini, ai kari ma kuɗi ne, tun kaka da kakanni mawaƙin da ya fi samun riguna da dawaki shi a ke ce wa babba. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Mai kari a fili ya ke tashi, sanƙira ya faɗi sunansa da na ubansa da abin da ya bayar, kowa na gani. In attajiri ya zuba dukiya ga mawaƙin banza, taro ya kan yi musu dariya su duka biyu. Kuma kari bai taɓa rufe bakin alƙalin gaskiya ba, watau zamani. Waƙar da aka yi a bikin kaka, in an kai bazara mata na daka da ita, masu huɗa na rera ta a bayan shanu, yara na tafa ta a dandali, to ta ci. In kuwa ta mutu tare da wutar bikin, ko raƙumi aka ba mai ita, ta faɗi. Su kansu Turawa sun ga haka. A gasar Amurka ta 2004 masu kallo suka fid da wata yarinya, Jenifa Hadson, ta ƙare a ta bakwai. A 2007 ita ce ta karɓi lambar Oska, wadda ba ta biyu gare ta a wajen 'yan wasan majigi, saboda wani wasa da waƙarta ce ƙashin bayansa.

Yanzu bari mu gwada wani abu. Mu ɗauko manyanmu da suka riga mu gidan gaskiya, mu jera su gaban alƙalan nan, da dokokinsu na minti uku da waƙar aro, mu ga wa zai tsira.

Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, ina jin shi za a fara kora. Hausarsa ta Gobir da Zamfara ce, cike da tsofaffin kalmomi, kuma ba ya miƙa wa mai saurare ma'ana a tafin hannu. Sai ka kwana da ɗan waƙarsa guda, ka kai shi ga wani dattijo ya warware maka, sa'an nan ka gane ashe da wani ɗan sarki a ke, ba da dabbar da ya ambata ba. Alhali kuwa in azanci a ke nema, da iya sarrafa harshe, da ɗaura magana yadda ba mai kwance ta, ni a ganina shi ne na ɗaya, na biyunsa kuwa yana can nesa. Har yau malaman jami'a suna tonon Bakandamiyarsa ba su kai ƙasa ba.

Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, shi kuwa dokar kowa ya hau shi kaɗai ita za ta karya shi. Gwanintarsa tana ga yadda ya ke rarraba waƙa tsakaninsa da mutanensa. Ya ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, wasu su cafe, wasu su ƙara, su dawo masa da ita daidai inda kotso ya ke jira, kamar masu saƙar tabarma da hannu goma. Raba shi da 'yan amshinsa, ka raba kifi da ruwa. A fagen tsara amshi ban ga wanda zan sa gabansa ba.

Sai namu na gida, Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda ya rasu ran 18 ga watan Yuni 1999. Da ma'aunin santsin murya kaɗai a ke bi, da akwai waɗanda suka fi shi a zamaninsa. Amma wa ya kai shi faɗin fage? Sarki, da direba, da manomi, da malamin asibiti, da tsuntsun daji, duk ya yi musu, yawanci kuwa nan take, yana kallon mutum yana ƙera masa waƙa kalangai na bi. Mutumin da ya kan kwana yana waƙa bai maimaita kansa ba, in ka ba shi minti uku, ko gaisuwa bai gama ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ba kuwa da saƙon waya ba. In aka tilasta mini in jera su ukun nan, sai in ce Narambaɗa, sa'an nan Shata, sa'an nan Ɗanƙwairo, kuma na san mutanen Funtuwa ba za su yafe mini ba. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya na gwangwanin kifi, da Barmani Coge da ƙoren amadarta, ban sa su cikin jerin ba, domin ba a awon gero da auduga a tiya guda.

Kada dai in zalunci talabijin, yana da alheri guda babba. A da, waƙa gado ce, wanda ba ɗan gidan roƙo ba in ya taɓa ta sai a ce ya zub da mutuncin gidansu. Shata kansa ya sha wannan, gama mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba. Gasa kuwa ba ta tambayar ɗan wane ne kai. Ga mu kuma a wani hali, garuruwa da yawa na gefen dajin Rugu an rage kiɗan dare don tsoro, dandalin da ya kan fid da gwani ya yi sanyi. Yaro mai baiwa a irin wuraren nan yana bukatar wani fage, shi ya sa gyaran mudun ya zama wajibi.

Samfurin gyaran kuwa yana hannunmu. Ba ina haɗa Alƙur'ani mai girma da waƙa ba ne, Allah ya tsare, tsarin kawai na ke nuni gare shi. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta ke shirya musabaƙar karatu ta ƙasa. Ana farawa daga ƙaramar hukuma, a je jiha, sa'an nan a gamu da na sauran jihohi, saboda haka ɗan ƙauye ba ya bukatar kuɗin motar Ikko kafin a ji shi. An rarraba masu karatu aji aji, mai izu biyu ba ya karawa da mai sittin. Alƙalai masana ne, maki a rubuce, na hadda daban, na tajwidi daban, na murya daban, kuma na murya shi ne ƙarami. Wanda ya faɗi ya san inda ya faɗi. Maƙwabtanmu na Nijar su ma tun 1987 suka kafa gasar makaɗa da sunan Ɗan Gurmu, wani mai goge na Tawa, wadda ta fid da mawaƙa masu yin waƙar kansu da harsunan ƙasarsu.

Saboda haka, ga duk mai niyyar shirya gasar mawaƙan Hausa a talabijin, roƙona kowa ya zo da waƙar da ya ƙaga, da makaɗansa in yana da su. A ware na fada daban, na noma daban, na fiyano daban. Cikin alƙalai a sa tsohon ɗan amshi guda, wanda ya yi shekara talatin a bayan wani gwani, don shi ba a yi masa rufa ido da jan murya. Ran ƙarshe kuma, a shigo da baƙo wanda ba wanda ya san da zuwansa, ko mahauci, ko mai awon rogo daga kasuwar Batsari, a faɗi sunansa da garinsu da sana'arsa, a ce wa waɗanda suka rage kowa ya yi masa waƙa nan take.