Littafin Malaminmu Na Jidda: Mun Ga Hutu, To Ina Aikin?

Da yawa daga cikinku kun samu kwafin ɗan littafin nan da ɗanmu, malamin lissafi da ke koyarwa a wata makarantar kuɗi a Jidda, ya raba a ƙofar masallaci kafin ya koma bakin aikinsa. Mun karanta shi sau biyu, sau ɗaya a shago tsakanin ciniki da ciniki, sau ɗaya kuma da dare bayan lisha. Kafin mu ɗauki alƙalami sai da muka kira shi a waya muka gaya masa duk abin da za mu rubuta, don kada ya zama gulma. Ya ce, "Baba, a rubuta." To, ga shi mun rubuta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga wanda bai karanta ba, littafin labarin hutun ƙarshen shekara ne. A Saudiyya makarantu kan rufe lokacin tsananin zafi, daga wajajen watan Yuni zuwa Agusta, malamai baƙi kuma kowa ya kama gabansa. Malam ya tashi daga Jidda ya sauka Istanbul, daga nan ya wuce Sifaniya ya ga Ƙurɗuba da Garnaɗa, ya tsallaka ruwa zuwa Maroko ya ziyarci Fas, sannan ya sauka Ikko ya hau mota zuwa nan Badun. Mako takwas cif. Babi bakwai ne, shida na yawo, ɗaya na zaman Jidda.

Mu fara da yabo, don ya cancanta. Abu na farko, da Hausa ya rubuta. Yaron da aka haifa a nan, ya tashi yana jin Yarbanci a Mokola da Dugbe, ya yi boko da Turanci, yanzu yana cin abinci da Larabci, amma da ya tashi ba mu labari sai ya ba mu da harshen iyayensa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wasu 'ya'yanmu ba sa iya rubuta wa kakarsu layi biyu. Hausar kuma mai daɗi ce, ba ta cika kwaskwarima ba. Ya bi sawun manya: Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jarida na Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama.

Abu na biyu, babin tsallaka ruwa. Wannan shi ne zuciyar littafin. Malam ya shiga jirgin ruwa daga Sifaniya zuwa Ɗanja da tikiti a hannu, ya sayi shayi ya zauna. Tsakanin gaɓar Turai da ta Afirka, inda ya fi matsewa, bai wuce kilomita 14 ba. Sai ya tuna cewa a wannan ruwan ne samari irinsa, baƙar fata irinsa, suke nutsewa cikin kwalekwalen roba suna neman isa inda shi ya baro don ganin dama. Ya ce shayin ya gagare shi sha. A nan bai yi wa'azi ba, bai yi kuka ba, ya faɗi abin da ya gani ya yi shiru. Wallahi mun ajiye littafin mun yi shiru mu ma.

To amma mutumin da idonsa ya iya ganin wannan, ba za mu yi masa uzuri a kan sauran ba.

Mu 'yan kasuwa ne. Duk wanda ya taɓa saye da sayar da goro ya san ba a karɓar huhu don ganyen da ke sama ya yi kore. Sai an zura hannu har ƙasa. Littafin nan babi shida na ganye ne. Zaman Jidda, wanda shi ne wata goma cikin sha biyu na rayuwar Malam, shafi huɗu kacal aka ba shi, su ma rabi labarin Umra ne da sanyin na'ura a cikin aji. Ina kwantiragi? Ina iƙama? Ina dalilin da ya sa matarsa da 'ya'yansa suke nan Sabo tare da mu, shi yana can?

Tunda bai faɗa ba, bari mu faɗa, don abu ne sananne ga duk mai hulɗa da ƙasar. Baƙon ma'aikaci a Saudiyya yana zaune ne da takardar iƙama, ita kuwa a ɗaure take da wanda ya ɗauke shi aiki. An yi sassauci a 2021 wajen canza aiki da fita da shiga, amma tushen bai canza ba: ranar da aiki ya ƙare, zama ya ƙare. Ko shekara talatin ka yi kana koyar da 'ya'yansu, wannan bai mai da kai ɗan ƙasa ba, ɗan da ka haifa a can ma ba ya zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can. Tun watan Yuli na 2017 aka sa wa baƙi haraji a kan kowane mutum na iyalinsu da ke zaune tare da su. An fara da riyal 100 a wata, ya yi ta hawa har ya kai riyal 400 a 2020. Ku yi lissafi: mace ɗaya da yara uku, riyal 1,600 ke nan duk wata, kafin a ci, kafin a biya haya, kafin kuɗin makarantar yaran. A shekarar 2020 ɗin kuma harajin sayen kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Ga gwamnatinsu tana ta ƙoƙarin mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa, har da koyarwa a makarantun kuɗi. Fansho irin wanda muka sani babu shi ga baƙo. Abin da doka ta ba shi kuɗin sallama ne: albashin rabin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, albashin wata guda a kan kowace shekara bayan haka. Shi ke nan, a rungume jaka.

Ba muna cewa aikin ba shi da kyau ba ne. Halal ne, kuma riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya shekara da shekaru, masu canji a bakin titinmu sun fi kowa sanin abin da wannan yake nufi idan an juya shi naira. Malam ya gyara wa mahaifiyarsa rufi, yana biya wa ƙannensa makaranta. Allah ya ƙara buɗi. Abin da muke cewa shi ne, malamin lissafi ya kawo mana littafin da ke da shafin shiga babu shafin fita.

Me ya sa muka damu? Saboda mun san masu karatun. Tun da littafin ya fito, samari uku sun same mu bayan sallar la'asar, kowanne da takardar shaidar malanta a hannu, kowanne yana tambayar yadda ake samun hanya. Ɗaya har ya fara yi wa mahaifinsa maganar sayar da fili a ba wani dillali da ya yi masa alkawarin biza. Abin da yaran suka gani a littafin shi ne hoton Malam a bakin ruwan Istanbul da tabarau. Ba su ga daren sallah da ya ci shinkafa shi kaɗai a ɗaki ba, wanda ya gaya mana a waya amma bai rubuta ba. Da ya rubuta wannan daren, da ya fi duk hotunan amfani. Mai rubuta wa jama'arsa labarin wata ƙasa amana ya ɗauka, kamar ɗan aiken da aka tura ya tambayo farashi. In ya dawo da rabin magana, asarar da aka yi da hannunsa a ciki.

Sai babin Andalus, wanda a nan ne ɓangaren almajirancinmu ya motsa. Malam ya shiga babban masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na farko ya fara ginawa wajen shekarar 785, aka mai da shi coci a 1236. Ya ƙirga ginshiƙai, ya yaba bakan gizon ja da fari, ya ce ransa ya ɓaci da ya ji ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. A Garnaɗa ya ga fadar Alhamra, ya ambaci faɗuwar garin a 1492, ya yi juyayi. Duk gaskiya ne. Amma wannan juyayin kowane ɗan yawon buɗe ido daga ƙasar Musulmi yana yinsa, har ya zama kamar kuɗin shiga. Mu abin da muka so ji daban ne, kuma yaron da ya zauna a gaban alaramma a unguwar nan ya isa ya faɗe shi.

Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu, riwayar wa ce? Ta Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin Ƙurɗuba. Tafsirin Ƙurɗubi, sunansa ma ya faɗi garinsa. Ibn Rushdi mai Bidayatul Mujtahid alƙalin garin ne. Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a titunan Sabo duk watan Mauludi, a Ƙurɗuba aka haife shi, a Maroko ya rasu, wato hanyar da Malam ya bi ita ce hanyarsa. Alƙali Iyal mai Ashafa ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Kuma daga Garnaɗar nan Abu Ishaƙa Assahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tambutu. Jama'a, ashe ba baƙon wuri ya je ba. Gidan kakannin karatunmu ya je, ya tsaya a ƙofa ya ɗauki hoto ya juyo. An karɓe ginin, amma littattafan suna nan cikin gafakarmu a tsakiyar ƙasar Yarabawa. Wannan labarin ya fi hawaye, kuma babu Baturen da zai rubuta mana shi.

Haka babin Istanbul. Ya ba mu tarihin Aya Sofiya daidai: coci ce tun 537, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi zamanin Ataturk, ta koma masallaci a 2020. Madalla. Amma duk wannan yana rubuce a allon bakin ƙofa. Mutane fa? Cikin babi shida ba mu haɗu da mutum ɗaya da Malam ya zauna ya ci abinci da shi ba, in ban da wasu 'yan Senegal a zawiyar Shehu Tijjani a Fas, su ma layi uku. Ibn Baɗuɗa, ɗan Ɗanjar da Malam ya ratsa, ya bar gida a 1325, har yau ana karanta shi saboda ya gaya mana wa ya sauke shi, me aka ba shi ya ci, yaya alƙalin gari yake shari'a, me ake saye da me. Gini ba ya gaisawa.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne shirun da ya yi game da Hausawan Jidda da Makka. Kowa ya san suna nan, zuriyar alhazan da suka tafi ta ƙasa ta Sudan tun zamanin kakanni, da waɗanda suka je daga baya suka zauna. Wasu sun zama 'yan ƙasa, wasu har yau cikin ɓuya suke saboda takarda. Shekararsa biyar yana gari ɗaya da su. Ɗan Sabo, unguwar da aka kafa wa baƙi tun 1916, wanda kakansa ya zo da shanu ya koma da goro, shi ya fi kowa cancantar ya shiga cikinsu ya tambaye su yaya zaman baƙunta yake a can, ya gwada da namu. Mu nan ko ba komai ƙasarmu ce, muna da fili, muna da maƙabarta, muna da ƙuri'a, amma duk da haka ranar da rigima ta tashi a kasuwa mukan ji ana tuna mana daga ina muka zo. To ina ga wanda zamansa duka yake rataye a kati ɗaya?

Akwai magana ɗaya da muka yi ta juyawa ko mu faɗa ko mu bari. Cikin mako takwas, kwana tara ya yi a Sabo, kuma a littafin sakin layi ɗaya ya ba su. Ba mu hana kowa yawo ba, kuɗinsa ne, guminsa ne, ganin ƙasar Allah kuma abu ne mai kyau. Amma ɗansa na fari bana ya sauke izu goma babu uba a wurin. Shekarun nan ba a canza su da riyal. Wannan ma yana cikin shafin fita.

Shawararmu ga masu karatu: ku karanta littafin, ku ba yaranku su karanta don Hausar da ke ciki da kuma babin ruwa. Amma duk saurayin da ya gama ya ji ƙafarsa tana ƙaiƙayi, ya je ya zauna da wanda ya yi aiki a can ya dawo, ya nemi a nuna masa kwantiragi a rubuce, kuma kada a sayar da ko taku ɗaya na fili a kan alkawarin baki.

Kai kuma Malam, ɗanmu, alƙalaminka yana da kyau, shi ya sa muka matsa maka. Muna jiran littafi na biyu. Ka fara shi daga ranar Lahadi da safe, ranar da ake komawa aji a can, ka gaya mana yaya yaran Larabawa suke kallon baƙin malami, nawa ke shiga, nawa ke fita, wa kake gaisawa da shi in ka fito masallaci. In hutu ya zo, ka tsaya Sabo ka rubuta shi a nan. Akwai benci a shagonmu, shayi kuma kyauta ne.

Allah ya tsare mana na nesa da na kusa, ya dawo da kowane baƙo gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.