Kek ɗin Wata: Na Yankawa da Na Kai wa Manya

Daren sha biyar ga wata na takwas a kalandar gargajiyar Sinawa, wanda kan faɗo a Satumba ko farkon Oktoba, shi ne daren bikin Zhongqiu. Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, farin wata ya cika. Abincin daren kuwa yuebing ne, kek mai da'ira da bai wuce tafin hannu ba, da tambarin gidan da ya gasa shi a kansa.

Wanda ya fi yawo a duniya shi ne na lardin Guangdong da Hong Kong. Ɓawonsa siriri ne, cikinsa cunkushe da markaɗen ƙwayar wani furen ruwa mai kama da bado, a tsakiya kuma ga gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri, wadda ke wakiltar watan kansa. Yana da zaƙi da maiƙo da nauyi, har da wuya mutum ɗaya ya cinye shi. Yanka shi ake yi gida huɗu ko takwas, a kora da shayi marar sukari, mai riƙe da wuƙa yana lura kowa ya sami rabonsa na gwaiduwar. A ganina nan darajar abin take: yadda aka haɗa shi ma ya tilasta a raba. A biranen Suzhou da Shanghai kuma akwai wanda ake cusa wa naman alade, kuma gidaje da yawa da kitsen alade suke kwaɓi. Saboda haka Musulmin ƙabilar Hui ke gasa nasu mai shaidar halal, abin da ya kamata ɗan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou ya duba kafin ya kai baki.

Amma akwai kek ɗin da ba a saya don a yanka. Makonni kafin biki, otal-otal da manyan kantuna sukan fito da kwalaye masu ado, kamfanoni su saya su raba wa ma'aikata da abokan hulɗa. Sau da yawa wanda aka kai wa ba ya ko buɗewa, sai ya miƙa wa wani da yake jin nauyinsa. Har takardar karɓar kek ake bayarwa maimakon kek ɗin, dillalai su saye ta da rahusa su sake sayarwa. Kyautar da aka saba kai wa iyaye da surukai ta koma hawa sama, wajen shugaban ofis da jami'in da sa hannunsa ke da amfani.

Gwamnatin Sin ta gane haka. A 2013, cikin yaƙin shugaba Xi Jinping da almubazzarancin jami'ai, aka hana sayen kek ɗin da kuɗin hukuma. A 2022 aka sa ido a kan duk kwalin da farashinsa ya haura kuɗin Sin yuan 500, aka taƙaita naɗi zuwa hawa uku, aka hana yin mazubi da zinariya ko katako mai tsada.

Matakan sun rage girman kwali, wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ke tura ƙaramin ma'aikaci kanti shi ne tsoron kada a ga bai kai gaisuwa ba, kuma wannan tsoron yana nan ko da kwalin bai kai yuan 500 ba.