A bar gwanaye su buga a gidansu

Tun 2003 ƙungiyoyi 16 ne ke shiga gasar hokin ƙanƙara ta maza da hukumar NCAA ke shirya wa jami'o'in Amurka. Shida suna samun gurbi da lashe kofin rukuninsu, sauran goman kuma lissafi ne ke fitar da su. An daɗe ana amfani da ma'aunin PairWise, kafin a maye gurbinsa da NPI a kakar 2025-26. Nan ba ni da ja. Babu alfarma, babu "ai babbar makaranta ce", kowa na iya zama da alƙalami ya san matsayinsa.

Matsalar tana wajen rabon fili. Ana kasa ƙungiyoyin huɗu-huɗu zuwa garuruwa huɗu, a filayen da aka ce ba na kowa ba ne. Amma ƙa'ida ta ce makarantar da ta ɗauki nauyin fili, in ta samu shiga, a nan za ta buga ko da ita ce kurar baya. A 2024 Denver ce ta uku a duk ƙasar, sai aka tura ta Springfield ta kara da UMass a gaban magoya bayan UMass ɗin. Da ƙyar ta sha da ci 2-1, bayan an yi ƙarin lokaci har sau biyu. A 2025 Maine ma ta uku ce, aka kai ta Allentown inda Penn State ke masaukin baƙi, ta sha kashi 5-1. To ina amfanin wahalar da aka sha tun Oktoba?

Masu kare tsarin suna cewa shi ke ba ƙananan makarantu dama, suna tuno yadda Holy Cross ta fitar da Minnesota a 2006. Ban yarda ba. Wasa ɗaya ne ake yi, wanda ya faɗi ya tafi gida, kuma mai tsaron raga in ya tashi da sa'a zai iya hana kowa ci a ko'ina. Ga kuma kujeru da kan zauna babu kowa, don ɗalibi ba shi da kuɗin jirgi cikin 'yan kwanaki.

A gasar mata, manyan ƙungiyoyi huɗu ne ke karɓar baƙi a filayensu, kuma ba ta lalace ba. A yi wa maza haka, a bar zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, wato Frozen Four, kaɗai a filin da ba na kowa ba.