Malam Nata'ala a Idon Masu Kallon Daɗin Kowa

Tun bayan kafa tashar Arewa24 a 2014, shirin Daɗin Kowa ya zama abin kallon iyali a gidajen Hausawa da dama. Sai dai ra'ayin masu kallo ya rabu a kan Malam Nata'ala, malamin tsangaya. Wasu na ganin an mai da alaramma abin dariya a gaban yara. Wasu kuwa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, domin akwai malaman da halinsu ke nan.

Kowane ɓangare yana da hujja. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, amma bayyana aibi domin gyara ba izgili ba ne. Ma'aunin shi ne abin da ake yi wa dariya: kwaɗayin mutum, ko allon da ke hannunsa. Babba yana iya rarrabewa, yaro kuwa ba lallai ba ne. Saboda haka nauyi yana kan marubuta su fito da nagartattun alarammomi su ma, kuma yana kan iyaye su yi wa 'ya'yansu bayani. Allah ne mafi sani.