Hoton na'ura da katunan walimarmu

Tun 2024 da Meta AI ya shigo WhatsApp, allunan talla a Kasuwar IBB da katunan walimar sauka suka sauya kama. Kyau kam akwai shi. Amma Meta AI da ChatGPT zana haruffa suke kamar hoto, shi ya sa Larabcinsu kan fito a birkice, har harafi ya ɓace a cikin aya. Wannan ba wasa ba ne, jama'a. A ganinmu Canva ya fi, tunda mutum ne zai buga rubutun da kansa, ya kai wa malami ya duba. Kayan sayarwa kuwa, a ɗauki hotonsu na gaskiya. Nuna atamfar da babu ita a shago algus ne. Allah Ya tsare mu.